Me ke sa babban fayil ya maƙale kafin ya gama sauka daga intanet?

A birnin Sakkwato, kamar sauran biranen arewacin Najeriya, ba sabon abu ba ne mutum ya shafe sa'a guda ko fiye yana sauko da wani babban fayil daga intanet, amma da ya kai kashi 80 ko 90 cikin 100 sai ya tsaya cik.

Matsalar kan addabi ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo masu neman manhajar nazari ko bidiyon darasi, da masu gyaran wayar salula da ke sauko da manhajar da za su ɗora wa wayoyin jama'a, da masu sana'ar tura finafinai da karatun malamai, da kuma ma'aikatan ofisoshi.

Asarar ba ta lokaci kaɗai ba ce. Duk datar da aka ƙona ta tafi ke nan, kuma tun bayan da Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, sake farawa daga tushe ya ƙara tsada.

Akasarin mutane kan ɗora laifin a kan rashin ƙarfin sabis. Sai dai sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba: wurin da fayil ya tsaya kan nuna abin da ya tsayar da shi, kuma abin da ya riga ya sauka ba lallai ne ya tafi a banza ba.

Yaya fayil ke tafiya a intanet?

Fayil ba ya tahowa a dunƙule. Babbar kwamfutar da ke ajiye da shi, wadda ake kira saba, takan daddatsa shi zuwa ƙananan ƙunsoshi, kowanne bai wuce bait 1,500 ba.

Fayil mai girman gigabait ɗaya kan zama ƙunshi kusan dubu 700.

Wani tsari da ake kira TCP ne ke sa wa ƙunsoshin lamba, kuma wayar mai karɓa ko kwamfutarsa takan riƙa aika shaidar cewa sun iso. Idan wani ƙunshi ya ɓata a hanya, sai saba ta sake aiko da shi, ta kuma rage gudu don kada hanyar ta cushe.

Idan shiru ya yi tsawo, ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu kan ɗauka cewa ɗan uwansa ya tafi, sai ya rufe hanyar. Wani lokaci ɗaya ɓangaren ba ya samun labarin rufewar, shi ya sa mutum zai ga alamar saukarwa tana nan a allo, ba ta ce ta gaza ba, ba ta kuma motsawa.

Me ya sa manyan fayiloli suka fi fuskantar matsalar?

Dalilin shi ne lokaci. Saƙon WhatsApp ko shafin labarai kan sauka cikin daƙiƙoƙi, don haka ko sabis ya ɗauke na ɗan lokaci da wuya mutum ya lura.

Babban fayil kuwa yana buƙatar hanyar ta zauna a buɗe tsawon lokaci ba tare da katsewa ba.

A nan akwai wani lissafi da ke rikita mutane. Ana auna gudun intanet da megabit, amma ana auna girman fayil da megabait, kuma megabait ɗaya daidai yake da megabit 8.

Alal misali, fayil mai gigabait 2 a kan layin da ke gudun megabit 5 a daƙiƙa zai ɗauki kimanin minti 53. Idan gudun ya sauka zuwa megabit 2, kamar yadda kan faru da maraice a unguwannin da jama'a suka yi yawa a kan turken sadarwa guda, zai ɗauki sa'a biyu da minti 13.

A cikin waɗannan sa'o'i, ɗaukewar sabis ta minti ɗaya ta isa ta ɓata aikin.

Kazalika, idan waya ta sauya daga 4G zuwa 3G, ko daga Wi-Fi zuwa datar layi, lambar da ake gane ta da ita a intanet na iya canzawa, musamman a sauyi na biyun. Idan ta canza, saba kan ɗauke ta a matsayin baƙuwa, tsohuwar hanyar kuma ta mutu.

Nisan Sakkwato da bakin teku na da tasiri?

Yana da shi. Galibin manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa Najeriya da sauran duniya a Legas suke sauka: SAT-3 tun farkon shekarun 2000, Main One da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, sai Equiano ta kamfanin Google a 2022.

Daga Legas zuwa Sakkwato tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, kuma wayoyin fayiba da ke ɗauke da bayanan galibi a gefen manyan hanyoyi ake binne su. Aikin gina hanya, da zaizayar ƙasa lokacin damina, da masu ɓarna, duk sukan tsinke su.

Yawan irin wannan ɓarna na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatin tarayya ta ayyana kayayyakin sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa a 2024.

Idan waya ɗaya ta tsinke, kamfanoni kan karkatar da bayanai ta wata hanyar. Sabis bai ɗauke gaba ɗaya ba, amma hanyar da ta rage takan cushe, kuma manyan fayiloli ne ke fara jin jiki.

An ga hakan a fili ranar 14 ga watan Maris na 2024, lokacin da wayoyi huɗu, WACS da Main One da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gabar Kwaddibuwa. Ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma sun shiga matsala, kuma gyaran ya ɗauki makonni.

Kafin nan, a watan Yulin 2009, lalacewar SAT-3 ta jefa Najeriya da Nijar da Benin da Togo cikin irin wannan hali, a lokacin da ita kaɗai ce wayar fayiba ta ƙarƙashin teku da yankin ya dogara da ita.

Akwai kuma dalilan tsaro. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, bayan an ɗauki irin wannan mataki a Zamfara, a ƙoƙarin murƙushe 'yan bindiga.

Duk waɗannan sun fi ƙarfin mai waya. Abin da ke hannunsa shi ne ya gane ko matsalar daga hanya take ko daga na'urarsa.

Ta yaya za a gane musabbabin?

Hanya mafi sauƙi ita ce a lura da wurin da fayil ɗin ke tsayawa.

Idan yau ya tsaya a kashi 30, an sake gwadawa ya tsaya a 72, to alama ce ta hanya marar tabbas. Sai a buɗe wani shafi a gani ko yana buɗewa, a duba ko wayar na yawan sauya nau'in sabis, ko kuma a gwada layin wani kamfani.

Idan kuwa kullum a wuri guda yake tsayawa, to da wuya laifin sabis ne. Abubuwa huɗu ya kamata a duba.

Na farko, wurin ajiya. Wasu manhajojin ba sa duba ko akwai isasshen wuri kafin su fara, sai sun cika ma'ajiyar su tsaya. Fayil ɗin da aka matse, irin su ZIP, yana buƙatar wurin da ya kai ninki biyu na girmansa ko fiye, domin sai an warware shi bayan ya sauka.

Na biyu, iyakar gigabait 4. Yawancin filash da katunan memori da ba su wuce gigabait 32 ba suna zuwa ne da wani tsohon tsarin ajiya mai suna FAT32, wanda kamfanin Microsoft ya fitar a 1996.

Wannan tsari ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da kuwa katin fanko ne. Duk fayil ɗin da ke mutuwa daidai wannan gaɓa, to a fara zargin katin.

Maganin shi ne a ajiye fayil ɗin a ma'ajiyar cikin waya ko ta kwamfuta, ko a sauya tsarin katin zuwa exFAT ko NTFS. Sai dai sauyawar kan goge duk abin da ke kan katin, don haka wajibi ne a kwashe kaya tukuna.

Na uku, katin jabu. Akwai katunan da aka yi wa dabara su nuna girman da ba su da shi: a jiki an rubuta gigabait 64, alhali ainihin cikinsu bai wuce 8 ba. Da zarar an wuce girman gaskiya, sai rubutun ya tsaya ko fayilolin su lalace. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw kan tona asirin irin wannan kati.

Na huɗu, ita kanta saba. Mai yiwuwa kwafin da ke can ne ya lalace, ko kuma shafin ya ƙayyade yawan abin da mutum zai iya saukewa a rana. A nan sai a nemi fayil ɗin daga wani wuri, domin manyan masu rarraba manhaja kan ajiye kwafi a saba da dama a ƙasashe daban-daban.

Idan ya tsaya a kashi 99 fa?

Wannan shi ne ya fi ɓata rai, amma sau da yawa ba tsayawa ba ce.

A wannan gaɓa manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta kan binciki fayil ɗin daga farko har ƙarshe. Manhajojin saukarwa da ke raba fayil gida-gida su ma a nan suke haɗa gutsattsarin wuri guda.

A tsohuwar kwamfuta ko kati mai nawa, aikin na iya ɗaukar mintoci da dama. Haƙuri na minti goma ya fi a soke aikin sa'a biyu.

Idan burauza ta nuna gargaɗin cewa fayil ɗin na da haɗari, bai kamata a kashe kariyar don a tilasta masa sauka ba, musamman idan daga shafin da ba a sani ba ya fito.

Wace rawa nau'in data ke takawa?

Ba kowace data ce ke sauko da kowane fayil ba. Akwai wadda aka keɓe wa shafukan sada zumunta kawai, wadda za ta buɗe WhatsApp da Facebook amma ta ƙi sauko da komai daga wani shafi.

Akwai datar dare mai rahusa, wadda masu manyan fayiloli ke yawan amfani da ita. Tana da ƙayyadadden lokaci da ƙayyadadden girma, kuma fayil ɗin da aka fara da ƙarfe uku na dare zai iya tsayawa da asuba saboda wa'adin ya cika.

Haka nan tsare-tsaren da ake tallatawa a matsayin marasa iyaka galibi suna da sharaɗin rage gudu idan an wuce wani adadi. Alamar hakan ita ce saukarwa ta fara da sauri, daga baya ta koma tafiyar hawainiya.

Tun 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobi a dukkan layukan Najeriya: ana duba ragowar data da *323#, ana kuma kiran sashen kula da masu hulɗa a 300.

Zafi da wutar lantarki

Sakkwato na cikin biranen da suka fi zafi a Najeriya. Daga watan Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 da rana.

Wayoyin salula ba a ƙera su don irin wannan yanayi ba. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce an tsara wayoyinsa su yi aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 35.

Wayar da ke sauko da fayil, tana caji, tana kuma raba wa kwamfuta intanet, zafi uku take tarawa. Idan ya yi yawa takan rage ƙarfin aikinta don kare kanta, wani lokaci ta kashe rabon intanet ɗin gaba ɗaya.

Cire rigar wayar, da ajiye ta a inuwa kan abu mai tauri maimakon katifa ko matashi, da barin manyan fayiloli sai bayan isha'i, duk suna taimakawa. Ƙurar hunturu kuma kan toshe fankar kwamfutar tafi-da-gidanka, don haka tana buƙatar shara lokaci-lokaci.

Ɗaukewar wuta na katse na'urar Wi-Fi ta gida ko ofis, kuma ko an tada janareta nan take, hanyar da fayil ke bi ta riga ta mutu. Ƙaramin batirin ajiya da aka jona wa na'urar kan toshe wannan giɓi.

Akwai kuma tsarin tattalin batir. Tun daga Android 6 da ya fito a 2015, waya kan taƙaita intanet ga manhajojin da ke aiki a bayan fage idan allo ya mutu kuma an daɗe ba a taɓa ta ba. Ita ma kwamfuta idan ta yi barci, saukarwa kan tsaya. Ana iya sauya duka biyun a wurin saiti.

Za a iya ci gaba daga inda aka tsaya?

A mafi yawan lokuta, za a iya. Tsarin HTTP/1.1 da aka wallafa a 1997 ya ba wa kwamfuta damar ta ce wa saba ta aiko mata da wani yanki na fayil kawai, daga bait kaza zuwa ƙarshe.

Wato wanda ya samu megabait 1,700 daga cikin 2,000 zai iya neman ragowar 300 kaɗai.

Sharaɗin farko shi ne kada a goge guntun da ya sauka. Burauzar Chrome kan ajiye shi da suna mai ƙarewa da .crdownload, Firefox kuma da .part. Wanda ya danna maɓallin sokewa ya zubar da shi. Abin da ya dace shi ne a dakatar, a jira sabis ya dawo, sannan a danna maɓallin ci gaba.

Sharaɗi na biyu shi ne saba ta yarda da hakan. Galibinsu suna yarda, amma wasu shafukan ajiye fayil na kyauta kan hana da gangan, don su sa mutane biyan kuɗi.

Manhajojin da aka ƙera musamman don saukarwa, irin su Free Download Manager da Internet Download Manager, sun fi burauza juriya. Sukan sake gwadawa da kansu idan hanya ta katse, su kuma nuna tun farko ko fayil ɗin na karɓar ci gaba.

Masu amfani da Linux na da umarnin wget -c, wanda ke yin wannan aiki.

Tsarin BitTorrent, wanda ya ɓullo a 2001, shi ma ya dace da wuraren da sabis ke yawan yankewa, domin yana tantance kowane gutsure shi kaɗai, ya sake neman wanda ya lalace kawai. Masu rarraba manhajoji na kyauta irin su Ubuntu kan bayar da fayilolinsu ta wannan hanya bisa ƙa'ida. Amfani da shi wajen kwasar finafinai ko manhajojin sayarwa kuwa keta haƙƙin mallaka ne, kuma sananniyar ƙofa ce ta shigar ƙwayoyin cuta.

Idan an danna ci gaba ya ƙi fa?

Shafuka da yawa kan ba da adireshin saukarwa mai wa'adi, wanda ke mutuwa bayan 'yan mintoci ko sa'o'i. Wasu kuma sukan ɗaure shi da lambar intanet ta wanda ya nema.

Idan haka ta faru, sai a koma shafin a samo sabon adireshi, a ba wa manhajar saukarwa shi a madadin tsohon. Yawancinsu na da wurin yin hakan, kuma muddin fayil ɗin bai canza ba, za su ɗora daga inda aka tsaya.

Idan kuwa ana da iko da wanda ke aiko da fayil ɗin, zai fi kyau a roƙe shi ya raba shi gida-gida, misali megabait 200 kowanne, da manhaja irin 7-Zip. Gida ɗaya idan ya lalace, shi kaɗai za a sake saukewa.

Ta yaya za a tabbatar fayil ya sauka lafiya?

Ganin kashi 100 ba hujja ba ce. Wani lokaci hanya kan katse, burauza ta ɗauka an gama.

Matakin farko shi ne a kwatanta girman abin da ya sauka da wanda aka rubuta a shafin.

Mataki na biyu, masu rarraba manyan manhajoji kan wallafa wata doguwar lamba, galibi ta tsarin SHA-256, wadda ke zaman tambarin yatsan fayil ɗin. Idan ko bait ɗaya ya canza, lambar da kwamfuta za ta lissafo ba za ta yi daidai da ta shafin ba.

Wannan na da muhimmanci ƙwarai ga masu gyaran waya, domin ɗora gurguwar manhaja na iya kashe wayar mai ita, abin da kan jawo rigima da biyan diyya.

Kafin a fara

• A duba girman fayil, a tabbatar data da wurin ajiya sun zarce shi.

• A ajiye shi a ma'ajiyar cikin na'ura, ba a kan filash ko katin da ba a gwada ba.

• A tsayar da waya a wurin da sabis ya fi ƙarfi, a daina yawo da ita har a gama.

• A kashe tsarin tattalin batir da barcin kwamfuta, a dakatar da sabunta manhajoji.

• Duk fayil ɗin da zai ɗauki fiye da rabin sa'a, a sauke shi da manhajar da ke iya ci gaba.

• Idan wani na kusa ya riga ya sauke shi, a karɓa ta filash ko Xender. Ɗalibai goma ba sa buƙatar biyan kuɗin data sau goma a kan fayil guda.

Idan bayan duk wannan matsalar ta ci gaba kwanaki a jere, a kan fayiloli daban-daban da na'urori daban-daban, to ta koma hannun kamfanin layi. Ƙa'ida ita ce a fara kai ƙorafi wurinsa, a karɓi lambar shaidar ƙorafin, tare da bayyana unguwa da lokacin da abin ke faruwa. Idan ba a samu biyan buƙata ba, NCC na karɓar koke kyauta a lamba 622.